Motar da za ta wuce tirela, ta kuma shiga rairayi: yadda muka zaɓi tamu

 Yau zancen mota za mu yi. Tun ranar da muka yi sabuwa a gidanmu tambaya ba ta yanke ba: ina kuka samo ta, wa ya zaɓa maku, kuma don mi ba ku ɗauki wadda ta fi ta sheƙi ba tunda kuɗin kusan ɗaya ne? Maimakon mu yi ta amsa ma mutum ɗai-ɗai a fada da wurin biki, gara mu zube zancen nan gaba ɗaya, mai niyyar saye ya tsinci abin da zai yi mashi amfani.

Mu biyar ne a ɗakin Inna, maza uku mata biyu. Shekara uku muka yi muna zuba kuɗi wuri guda kamar adashe. Mai albashi ya sa nashi ƙarshen wata, mai shago ya sa nashi bayan cinikin salla, yayarmu da ke aure Damagaram kuma ta saida ragunan da ta yi kiwo ta ƙara. Dalilin tarin ba ɓoyayye ba ne. Inna ta ƙi barin garinmu, wanda ke bayan Tasawa, in ka sauka daga gudro sai ka yi tafiyar rairayi mai ɗan tsawo kafin ka hango rumbunan garin. Tana da hawan jini da ciwon gwiwa, kowane wata sai ta ga likita a Maraɗi. Duk wanda ya taɓa neman motar haya ƙarfe biyun dare a ƙauye ya san abin da muke nufi. To amma kuɗin na mutum biyar ne, kuma biyu daga cikinmu, auta da mai bi ma babban yaya, sun faɗa tun farko: su fa ba za su zuba gumin shekara uku a motar da in an taka ta sai ta yi shawara kafin ta tashi ba. Mota suke so mai rai, mai zafi, irin wadda ake ce ma sport.

Mu ba mu ga laifinsu ba. Mutanen da ke cika fili ranar hawan salla don su ga sukuwa a ƙofar Sarkin Damagaram ko ta Sarkin Katsinan Maraɗi, ba za a ce son abin hawa mai zafi baƙon abu ne gare su ba. Kakanninmu da suka sayi doki ba ɗaukar kaya suka duba ba, jaki na nan don wannan. Auta Golf GTI ya sa a rai, kuma ya iya kare ta. Ya ce tun 1976 da Jamusawa suka fito da ita, dabarar ita ce a ɗauki ƙaramar motar iyali mai but da kujerun baya a sa mata inji mai zafi, mutum ya kai yara lakwal da safe, da marece ya ji daɗin tuƙi. Gaskiya ya faɗa, motar ta amsa sunanta. Abin da ya rage mu tambaya shi ne: a bisa wace hanya za ta yi wannan aikin?

Kafin mu je ga hanya, bari mu daidaita kalmar "sabuwa", don a wurinmu kala uku gare ta. Akwai sabuwa dal wadda ba a taɓa hawa ba, irin ta kamfanin CFAO a Yamai mai saida Toyota da Suzuki, da leda bisa kujeru da garanti a takarda. Ita ta fi kwanciyar hankali, amma yawanci gwamnati da ƙungiyoyi da manyan alhazai ne ke iya ta. Akwai sabuwar shigowa, wadda ta yi ƴan shekaru a Turai ko Amurka ko Dubai, aka sauke ta a tashar jirgin ruwa, ba ta taɓa shan ranarmu ba. Ita ce ƴan uwanmu na Najeriya ke ce ma ƴar Beljiyam. Sai ta uku, okaziyo, wadda ta riga ta yi aiki nan gida a hannun wani. Kuɗinmu ta biyun suka kai, a nan muka tsaya.

Ita ma ta biyun ba kamar da take ba. Da can mota za ta sauka Kotonu, ta biyo Paraku da Kandi, ta haye gadar Malanbil zuwa Gaya, cikin ƴan kwanaki tana park. Bayan 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, kuma ko da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairu 2024, lokacin da muke neman tamu gadar na nan rufe. Kaya sun koma Lome, su ratso Burkina cikin ayari da rakiyar soja, tafiyar kwanaki ta zama ta makonni. Duk kuɗin jiran nan da na hanyar bisa kan mai saye yake sauka. Shi ya sa mota yanzu ba abin da za ka saya ka ce in ba ta yi ba ka sake wata ba ne. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.

Yanzu mu duba hanyar. Rayuwar mutanen kudu bisa RN1 take: Yamai, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Gidan Rumji, Maraɗi, Agye, Tasawa, Takeita, Damagaram. Kilomita kusan 660 daga Yamai zuwa Maraɗi, wasu kusan 240 daga Maraɗi zuwa Damagaram. Hannu biyu ne kawai, mai tafiya da mai dawowa. A bisanta kake haɗuwa da kamyon albasar Galmi, da na simintin Malbaza, da tankokin mai masu fitowa daga matatar SORAZ, da manyan bas-bas na kamfanonin sufuri waɗanda ba su san jira ba. Ga amalanke ba fitila, ga garken shanu na ƙetarawa, ga kasuwar ƙauye da ta malalo har tsakiyar gudro ranar cinta. A irin wannan hanya, ina mutum zai yi gudun 200 da aka rubuta a allon mota?

Amma ƙarfin inji yana da ranarshi, kuma nan ne muka ba su auta gaskiya. Ku yi lissafin tare da mu. Tirela na tafiya kilomita 70 a awa. Tsawonta da naka da tazarar da za ka bari gaba da baya, ka ce mita 60 ne za ka cinye kafin ka koma hannunka. In iyakar abin da motarka ta iya a lokacin 90 ne, za ka yi daƙiƙa 11 a hannun masu zuwa, ka shafe mita 275, mai tahowa shi ma ya shafe kamar haka. Ke nan sai kana da fili fiye da rabin kilomita wanda ba kowa ciki. In kuwa kana taka ta ta kai 100 nan take, daƙiƙa 7 ne, mita 200. Daƙiƙa huɗun nan su ne sport ɗin da muka yarda mu biya kuɗinshi. Motar da ba ta da tashi, ga kilim a kunne ga mutum biyar ciki, ita ce ke barin direba rataye a gefen tirela yana salati.

Abokin tashi kuma birki ne. Wanda ya yi karatu a cikinmu ya tuna mamu cewa in ka ninka gudu sau biyu, tazarar da mota ke bukata kafin ta tsaya ninki huɗu take yi. Mai gudun 120 ba ninki biyu na mai gudun 60 yake bukata ba, huɗu ne. Jakin da ya fito daga bayan kalgo bai san wannan lissafin ba. Don haka muka rubuta a takarda, da hannun babban yaya: muna son mai tashi, mai birki, mai zama daram a kwana. Ƙarar salansa da fiffiken baya ba su shiga takardar ba.

Sai muka sunkuya muka duba ƙafa. A gefen kowace taya akwai lambobi, kuma da yawanmu ba mu damu da karanta su ba. GTI da yawa na zuwa da 225/40 R18. Lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu kuma tsayin gefenta ne, kashi 40 cikin ɗari na faɗin. Ma'ana santimita 9 na roba ne kawai tsakanin janti da bakin rami. RAV4 mai 225/65 R17 faɗinsu ɗaya, amma gefenta ya haura santimita 14. A gudro mai santsi siririyar tayar ta fi riƙe hanya, shi ya sa ake sa ma motocin gudu ita. A namu gudron, inda rami ke iya fito maka bayan kwana ba sallama, ita ce ke kumbura ko ta fashe, janti ya lanƙwashe. Kuma je ka nemi irinta a Gazawa ranar Juma'a da marece ka gani.

Haka zancen tsayi daga ƙasa. GTI kusan santimita 13 ne tsakanin cikinta da ƙasa, tun ba a ɗora mata mutum biyar da buhun hatsi ba. Hanyar garinmu kuwa tana da tudun rairayi a tsakiya, wanda ƙafafun amalanke da na Hilux suka bari. Mota in cikinta ya zauna bisa tudun nan, ƙafafunta juyawa kawai za su yi ta yi, ko injin na da ƙarfin doki dubu. Ga damina. Kowa ya tuna ta 2024, da ruwa ya yanke babbar hanya a bakin Yamai, ya cika unguwanni a Maraɗi da Damagaram. Motar da ke shaƙar iska daga ƙasa-ƙasa in ta shaƙi ruwa, injin ne gaba ɗaya ya tafi.

Daga ƙafa muka koma ga abin da take ci. Injunan zamani masu turbo suna ba da ƙarfi mai yawa daga ƙaramin inji, amma suna da zaɓen abinci: esansi mai kyau mai tsabta, da man inji na ƙwarai a kan lokaci. A cikin birni ba matsala, gidajen mai na nan. A ƙauye kuwa kwalba ce bisa tebur. Tun da Tinubu ya cire tallafin mai a Mayu 2023 ruwa-ruwa ya daina zama araha, amma bai daina zama abin da ake samu a inda ba famfo ba. Kuma mun ga layin da aka yi a gidajen mai a Maris 2025. Ranar da mai ya yi wuya ba ka tambayar asalinshi, abin da ka samu shi kake zubawa. Injin da ba turbo ya fi haƙuri da irin wannan. Ƙara da zafin Afrilu da Mayu da ke kai 45, da ƙurar hunturu mai toshe matatar iska cikin ƴan makonni, sai ka gane cewa motar da ta zo nan jarrabawa ta zo.

Yawan cin ma abin dubawa ne. Mu ɗauki misalin mota biyu, ɗaya na shan lita 8 a kilomita 100, ɗaya na shan 12, a farashin sefa 499 da gwamnati ta sa ma lita a Yuli 2024. Daga Maraɗi zuwa Yamai ta farko za ta sha kusan lita 53, jikka 26 da ɗoriya. Ta biyu lita 79, jikka 39 da rabi. Zuwa da dawowa bambancin jikka 26 ne, kuɗin maganin Inna na wata ke nan da canji. Wannan lissafin ne ya fitar da manyan motoci masu V6 da V8 daga takardarmu, duk da mai bi ma yaya ya so su. Doki ba ranar saye yake da tsada ba, kullum sai ya ci harawa.

Abin da muka yi wanda muke ganin ya fi komi amfani shi ne, mun je wurin makaniki kafin mu je park. Dattijo ne, ya gyara Peugeot 504 a zamaninta, yanzu yaranshi na sa kwamfuta a mota su karanta ciwonta. Bai tambaye mu wace mota muke so ba. Cewa ya yi: "Ku rubuta abu huɗu, amortiso, famfon ruwa, gilashin gaba, da kwamfaresan kilim. Ku zaga wurin masu piyas ku tambayi kuɗin kowane da kwanan da za a yi kafin shi zo. Wadda kunka samu kayanta yau-yau, ita ce motarku." Mun yi yini guda muna zagaye. Na Toyota duk shagon da muka shiga akwai, sabo da na Beljiyam, har ka yi ciniki. Na wasu kuwa amsar ɗaya ce: sai an aiko daga Kano, ko Yamai, ko a jira mai zuwa Dubai. Ya kuma ja kunnenmu kan giya mai kuloci biyu da ake sa ma motocin gudu. Tana canji kamar ƙiftawar ido, amma ba a yi ta don jan ciki cikin rairayi ba, kuma ranar da ta yi ciwo sai wanda ya san ta da gaske, ba kowane garaji ba.

A nan auta ya saki Golf, ba don mun fi shi baki ba, don shi ma da shi aka yi zagayen. Da muka shiga park, dillali na jin kalmar sport sai ya ja mu wurin wata Corolla ja mai harafin S a baya, janti na walƙiya, kujeru baƙaƙe, ya ɗora mata kuɗi sama da ƴan uwanta. Kyau kam ba a magana. Sai dai Corolla S ta Amurka ta 2014 zuwa 2016 injinta ɗaya ne da na yawancin sauran, lita 1.8, ƙarfin doki 132. Abin da aka canza mata bamba ne da janti da kujeru da ƴan kayan ado. Mota ce mai kirki mai ƙarancin ci, wanda bai fita gudro ba zai ji daɗinta shekara da shekaru. Amma wanda ya biya ƙarin kuɗi don ya samu tashi, harafi ya saya. Auta da kanshi ya faɗa ma dillalin haka, mu dai muna gefe muna dariya.

Mota biyu suka rage. Camry SE ta tsakanin 2012 da 2017, mai inji lita 2.5 da ƙarfin doki 178, da RAV4 ta tsakanin 2013 da 2018, mai lita 2.5 da doki 176. Injin dangi ɗaya ne, ba turbo, giyarsu otomatik ce ta gargajiya mai hawa shida, kowane makanikin kirki ya san cikinta. A gudro Camry ta fi daɗi, nan ba gardama: ta fi kwanciya a kwana, ta fi shiru, kuma SE an ɗan ƙarfafa mata ƙafa. Abin da zai ba ku mamaki, a takarda tsayinsu daga ƙasa bai bambanta sosai ba, duk wajen santimita 16 ne. Bambancin shi ne Camry doguwa ce mai dogon hanci da dogon baya, in ta sauka kwari sai ta daki ƙasa. RAV4 ta fi gajarta, kuma wadda muka duba mai jan ƙafa huɗu ce, da maɓallin da ke raba ƙarfi gaba da baya in gudu bai wuce 40 ba. A kula, ba kowace RAV4 ke jan ƙafa huɗu ba, da yawa na gaba kawai ke ja. A leƙa ƙarƙashi a ga sandar da ke kai ƙarfi ƙafafun baya, kar a tsaya ga maganar baki.

Ƙuri'a ta rabu, biyu da biyu, yaya ya ƙi faɗin nashi. Sai ƙanwarmu ta ce to ai mai motar ba ta yi magana ba. Ranar da Inna ta zo ganin likita muka roƙi mai park ya bari a kawo motocin biyu ƙofar gida. Camry kujerarta ƙasa take. Sai da Inna ta riƙe ƙofa ta saki jiki ta faɗa ciki, fitowa kuwa sai da mutum biyu suka kama ta, tana cije baki. RAV4 kujerar daidai ƙugunta, juyawa kawai ta yi ta zauna, aka ɗaga mata ƙafa ɗaya. Ta shafa kujerar ta ce: "Wagga dai ba ta sa ni durƙuso." Ba wanda ya sake ɗaga zancen ƙuri'a.

Zaɓen iri daban, zaɓen ita kanta motar daban, don kyan ɗan maciji ya yi yawa a park. Motocin Amurka da yawa daga gwanjon waɗanda suka yi hatsari ko ruwa ya ci ake sayo su, a gyara a fesa fenti. Ga abin da muka duba, mu da makanikinmu. Lambar shasi harafi da lamba 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da jikin ƙofa, dole su zama ɗaya da ta takarda. A motar Amurka, ta goma a jerin ita ke faɗin shekara: D 2013 ce, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018. In dillali ya ce 2017 ce ka ga E, ka san inda kuka tsaya. Da wannan lambar ana iya biyan kuɗi kaɗan a intanet a ga tarihin motar, wani lokaci har da hotonta ranar gwanjo. Allonta kuma mil yake ƙirgawa ba kilomita ba, in ka ga 100,000 to kilomita 160,000 ne.

Mun ɗaga kafet mun shinshina, mun duba ƙarfen da kujeru ke gudu a kai ko ya yi tsatsa, mun leƙa ramin safaya ko akwai busasshen laka. Mun kunna makulli mun zuba ma fitilar jakar iska ido: ƙa'ida ta kama ta mutu bayan ƴan daƙiƙu, in ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta ne don a ɓoye cewa jakar ta riga ta fashe. Mun ce a bar motar ta kwana, mu tada ta da sanyin safe da hannunmu, don inji mai ciwo da safe yake tari. Tayoyi ma suna da ranar haihuwa, lamba huɗu a gefe: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda ta tsufa, ko mai hoton dutse da ƙanƙara da aka yi don sanyin Kanada, ba ta gudron Afrilu ba ce ko da zanenta bai cinye ba. Mota uku muka bari a kan waɗannan dalilai kafin muka samu ta huɗu.

Wani abin da ke kada mutane shi ne su zuba kuɗinsu kaf a kan farashi, mota ta zo gida ta zauna ƙarƙashin bedi. Tun farko mun ware kashi ɗaya cikin goma ba mu nuna ma dillali ba. Mun tambaya ƙarara ko farashin har da duwan, muka ga takardar da idonmu, muka gwada lambar shasin da ke kanta. Sauran ya tafi ga kart giriz, asiransi, binyet da bizit teknik, da tayoyi huɗu sababbi, da juye duk man da ke cikinta tunda ba mu san yaushe aka yi na ƙarshe ba. Safayar da ta zo da ita ƴar siririya ce ta lallaɓawa zuwa wurin faci, muka sayi cikakkiya muka ɗaure a but, da famfon iska da shebur. RAV4 ba Land Cruiser ba ce, a rairayi mai zurfi sai an rage ma tayoyi iska an bi ta da dabara, in an hau gudro a mayar.

Sai babbar magana, wadda ta fi inji da taya: motar mutum biyar sunan wa za ta ɗauka? Mun ga gidajen da mota ta raba. Kart giriz sunan yaya ta ɗauka, amma mun rubuta takarda gaban kawunmu da limamin unguwa, kowa da abin da ya zuba, kowa ya sa hannu. Muka ƙara sharuɗɗa. Ranar likitan Inna ba mai taɓa makulli don wata bukata. Wanda ya ɗauka ya mayar da mai inda ya tarar. Ba a ba wanda ba shi da permi, ba a ba da aro don rakiyar amarya, inda samari ke gwada wanda ya fi iya juyi. Ba tafiyar dare sai ta ciwo. Kowane wata kowa na zuba wani abu a asusun gyara, ko motar lafiyarta lau. Wasu sun ce mun cika tsanani tsakanin ƴan ɗaki ɗaya. Mu kuwa mun ga gara a yi tsananin a takarda da a zo ana yin shi a zumunci.

Auta fa? Bai tashi a banza ba. Kusa da giya akwai maɓalli an rubuta mashi Sport, in ka danna sai motar ta riƙe giya ta ƙara saurin amsa ƙafa. Shi ke tuƙa Inna yawancin watanni, kuma ya ce tsakanin Gazawa da Agye, in ya hango fili ya danna shi, tirela ba ta daɗewa a gefenshi. Golf ɗin tana nan a fuskar wayarshi, ya ce ranar da ya samu aiki a Yamai ya tara nashi shi kaɗai, ita zai saya. Mun ce Allah Ya nuna mamu, mu ma a ɗana mu.

Ba mu ce kowa ya sayi irin tamu ba. Wanda ke zaune Yamai, daga gida sai ofis sai Doso ranar hutu, lissafinshi daban, ƙaramar mai zafi na iya yi mashi daidai. Mutumin Tawa mai bin hanyar Abalak da Agadas nashi ya fi namu tsanani, wataƙila Hilux ce kawai amsarshi. Abin da muke cewa shi ne, kafin ka je park ka san hanyar da ta fi muni cikin waɗanda dole ka bi, ka san wanda zai zauna a kujerar baya, ka san mai gyaran da shagon piyas, sannan ka nemi mafi zafin motar da ta cika waɗannan. Wanda ke da wata dabarar duba mota da ba mu ambata ba, musamman makanikai da direbobin dogon zango, ya ƙara mamu, wani zai amfana.

Allah Ya tsare mu da sharrin ƙarfe, Ya kai kowa gida lafiya, wanda bai da ita kuma Allah Ya hore mashi mai albarka. Sai wani jiƙon.